Lulluɓin Ƙasa: Yadda Kara da Ganye Ke Ruɓewa a Gona da Lambu

Lulluɓin ƙasa shi ne shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko kara, ko ganye, ko ƙaiƙayi a kan ƙasar noma, a bar shi a sama ba tare da an binne shi ba. Manoman Gazara da sauran garuruwan Makarfi, Ikara da Kudan sun saba da shi a wurin renon tumatir da albasa da barkono: a yafa iri a fangali, a rufe da ciyawa, a riƙa ban ruwa ta samanta, in iri ya tsiro a ɗage ta. A kudancin jihar Kaduna, wajen Kachia da Jaba, ba a noman citta sai da lulluɓi. Haka ma masu noman doya kan aza ciyawa a kan kowane tulin ƙasa don kada zafin rana ya dafa irin da ke ciki.

A duk waɗannan wurare abin da ake nema shi ne inuwa da laima na 'yan makonni, amma aikin lulluɓi bai tsaya nan ba. Tun ranar da aka shimfiɗa shi yake fara sauyawa, kuma amfaninsa yana bin yadda ruɓewar ke tafiya. Da farko kariya ne ga fuskar ƙasa. Bayan makonni ya zama abincin halittun da ke cikinta. Bayan shekaru, ɗan abin da ya rage daga gare shi ya zama wani ɓangare na ƙasar kanta. Manomin da ya san wannan jeri ya san abin da zai shimfiɗa, da lokacin shimfiɗawa, da abin da bai kamata ya sa rai da shi ba a shekarar farko.

Ƙasar yankin da abin da take rasawa

Ƙananan hukumomin Makarfi, Ikara da Kudan suna arewa da Zariya, wajen iyakar jihar Kano. Ruwan sama a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Sauran watannin rani ne, da hunturu mai busar da komai, sannan bazara mai tsananin zafi. Ƙasar tudu, inda ake masara da dawa da waken soya, mai rairayi ce a sama, ja-ja mai yumɓu a ƙarƙashi. Ta fadama, inda ake rake da shinkafa da kayan lambu, ta fi duhu da nauyi.

Abin da ke ba ƙasa duhu da taushi shi ne ruɓaɓɓen tsiron da ya gauraya da ita. Awon da aka sha yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya nuna cewa a yawancin gonakin tudu na wannan shiyya kabon ɗin ruɓaɓɓen tsiro bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasar ba. Wannan ƙaranci babbar matsala ce, domin irin yumɓun ƙasar nan ba ya riƙe abincin shuka sosai. Ruɓaɓɓen tsiron ne ke yin mafi yawan riƙon. In ya yi kaɗan, takin zamanin da aka zuba sai ruwa ya wanke wani kaso nasa kafin saiwa ta kai gare shi.

A da ana barin gona ta huta wasu shekaru, ciyawa da kalgo da sabara su fito, ganyensu ya zuba ya mayar mata da ƙarfi. Daga ƙarshen shekarun 1970, da ingantaccen irin masara da takin zamani mai rahusa suka bazu, ga jama'a kuma na ƙaruwa, hutar da gona ya yi wuya. Yanzu gona ɗaya ake nomawa shekara da shekaru, a kwashe hatsi, a kwashe kara, abin da ya rage a tattara a cinna masa wuta lokacin sharar gona.

Aikin kwanakin farko

Tun kafin lulluɓi ya fara ruɓewa yake amfani. Ruwan farkon damina yana saukowa da ƙarfi, kuma in ya faɗa a kan ƙasa tsirara yakan farfasa dunƙulenta, ƙurar ta toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Da rana ta fito sai saman ƙasar ya yi ɓawo mai tauri, wanda kan hana ƙananan iri kamar gero da tumatir hudowa. Ruwan da zai biyo baya kuma sai ya kwaranye ya tafi da ƙasar sama. Kara ko ciyawa da ke kwance a sama su ne ke karɓar dukan ruwan, su sake shi a hankali ya nutse.

A shekarun 1970 Rattan Lal, masanin ƙasa ɗan asalin Indiya wanda ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2020, ya yi gwaji a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan a kan gonaki masu gangare. Ya gano cewa tan 4 zuwa 6 na busasshen tsiro a hekta ɗaya ya kusan tsayar da zaizayar ƙasa ɗungurungum. Ba lallai sai an kai wannan adadi ba kafin a ga bambanci. Ma'aunin da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi shi ne a rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar ƙasa.

Sai kuma zafi da danshi. A watan Afirilu saman ƙasar da ba a rufe ba yakan haura digiri 45 da tsakar rana, zafin da ke ƙona ƙananan saiwoyi ya kuma kori tana zuwa ƙarƙashi. Lulluɓi yana rage wannan zafi da digiri da dama, ya kuma rage yadda rana da iska ke tsotse laima. Ga mai noman rani da ke sayen mai don injin ban ruwa, wannan ita ce riba ta farko da zai gani, domin fangalin da aka rufe ya fi jinkirin bushewa. Inuwar kuma tana hana ƙwayoyin ciyawa masu bukatar haske tsirowa. Amma ba ta hana masu yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa kamar jiji da kiri-kiri da tofa, waɗanda sukan huda lulluɓin su fito.

Masu aikin ruɓarwa

Kara ba ya ruɓewa da kansa. Halittu ne ke cin sa, kuma kowace tana da lokacinta. Daga Nuwamba zuwa Afirilu, sa'ad da ƙasar tudu ta bushe ƙayau, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna kwance ba sa aiki. A wannan lokaci gara ce kaɗai ke ta fama. Takan haƙo rami daga ƙasa, ta yi wa karan rufi da jar laka don kare kanta daga rana da tururuwa, ta cinye cikinsa ta bar ɓawon. Manyan nau'o'in gara na wannan yanki suna kai abin da suka ɗebo cikin suri, inda suke renon wata irin funfuna da ke narkar musu da shi. Saboda haka wani kaso na abincin da ke cikin karan yana barin gonar ya tafi suri, amma ramukan da gara ta bari suna zama hanyar ruwa da iska, lakar da ta ɗauko daga ƙarƙashi kuma ta gauraya da rairayin sama.

Da ruwa ya sauka sai funfuna da bakteriya su farfaɗo. Funfuna ce ta fi aiki a kan lulluɓin sama, domin zarenta na iya miƙewa daga ƙasa mai danshi ya shiga cikin busasshen kara. Bakteriya tana bin inda ya riga ya jiƙe ya yi laushi. Ƙananan ƙwari da tana suna gutsuttsura ganye su ja shi ƙasa.

Wanda ya ɗaga lulluɓin da aka shimfiɗa a watan Yuni, ya duba ƙarƙashinsa a tsakiyar Agusta, zai ga aikin a fili. Saman yana nan fari-fari a bushe kamar ba a taɓa shi ba. Tsakiyar ta yi ruwan ƙasa, da farin zare na funfuna da ya manne ganye da ganye. Na ƙasa ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba a iya gane ko ganyen masara ne ko na ciyawa. A kan ƙasar akwai dunƙule-dunƙulen kashin tana, ga ƙananan fararen saiwoyin shuka sun hauro suna kutsawa cikin baƙin. Ƙanshinsa irin na ƙasar da ruwan fari ya jiƙa ne. In an ji wari mai tsami, alama ce ruwa ya kwanta, iska ba ta shiga.

Abin da ke fara fita da abin da ke jinkiri

Sassan tsiro ba tare suke ruɓewa ba. Fotashiyam, wanda shi ne sinadari na uku a cikin takin kamfa, ba ya ma jiran ruɓewa: ruwan sama biyu ko uku masu ƙarfi sukan wanke yawancinsa daga kara zuwa ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mafi yawan fotashiyam ɗin da masara da dawa suka sha daga ƙasa a kara yake zama, ba a ƙwayar hatsi ba. Shi ya sa tokar kara take yin ruwan toka mai kaifi. Bayansa sai sukari da sitaci, waɗanda ƙananan halittu ke cinyewa cikin kwanaki. Zaren da ke jikin ganye da ɓargon kara yana ɗaukar makonni zuwa watanni. Na ƙarshe shi ne sinadarin da ke ba itace da ɓawon kara tauri, wanda masana ke kira liginin. Shi kan kai shekara ko fiye, kuma funfuna da gara ne suka fi iya masa. Don haka ganyen masara ke ɓacewa kafin ƙarshen damina, amma gindin kara da totuwa su kai wata shekarar.

Mafi yawan abin da ya ruɓe ba a ƙasa yake zama ba. Halittun da ke cin sa suna numfashi, suna fitar da kabon ɗinsa ya shiga iska. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin tsiro yana tafiya haka a zangon farko na ruɓewa, kuma zafi yana gaggauta tafiyar: in zafin ƙasa mai danshi ya ƙaru da digiri 10, saurin ruɓewa yakan kusan ninkawa. A 1977 masana biyu, David Jenkinson na cibiyar Rothamsted a Ingila da Abateni Ayanaba na IITA, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ciyawa iri ɗaya a ƙasashen biyu. Ruɓewar ta bi tsari ɗaya, amma a Ibadan ta fi sauri ninki huɗu. Arewacin Kaduna yana da dogon rani da ke dakatar da aikin na watanni, amma cikin damina saurin yana nan. Ma'anar wannan ita ce, lulluɓin shekara ɗaya ba ya gyara ƙasa. Sai an maimaita shi kowace shekara abin da ke shiga zai fi abin da ke fita.

Batun naitirojin

Nan ne manoma da yawa ke gamuwa da abin da ba su zata ba. Ƙananan halittun da ke cin kara suna bukatar naitirojin don gina jikinsu, kimanin kashi 1 a kan kowane kashi 25 na kabon. Karan masara yana da wajen kashi 60 na kabon a kan kashi 1 na naitirojin. Karan dawa da na shinkafa da busasshen ganyen rake suna nan kusa ko sun fi haka. Garin katako yana haura 300. In aka ba halittun irin wannan abinci, sai su ciko giɓin daga naitirojin ɗin da ke ƙasa, wanda shuka ma shi take nema. Ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa ƙasa in halittun sun mutu, amma makonnin da ya yi a tsare su ne makonnin da ƙaramar masara ta fi bukatarsa.

Alamar a bayyane take. Ganyen ƙasa na masara ne ke fara yin ɗorawa-ɗorawa, launin ya taso daga bakin ganyen ya bi jijiyar tsakiya, gefe biyu kuma su rage da ɗan kore. Shukar ta yi siriri, ta tsaya ba ta gaba. Abin ya fi tsanani in an binne karan lokacin huɗa, domin a nan kowane gutsure yana manne da ƙasar da saiwa ke ciki. In a sama aka bar shi, riƙon yana faruwa ne a 'yar siririyar fatar da kara ya haɗu da ƙasa, illar kuma ba ta da yawa. Maganinsa shi ne kada a rage yuriya don an sa lulluɓi a shekarun farko, kuma a tona a sa ta a gindin shuka a rufe, maimakon a watsa ta a kan karan inda za ta bi iska.

Harawar wake da ta gyaɗa, da ɗanyen ganye irin na ciyawar da aka yanka kafin ta yi fure, suna da naitirojin isasshe. Suna ruɓewa cikin makonni kaɗan su saki abinci, amma rufinsu ba ya daɗewa. Kara da ɓuntun shinkafa da ganyen kalgo suna daɗewa a matsayin rufi amma suna jinkirin ba da abinci. Haɗa iri biyun, ko zuba ɗan takin gida a ƙasa kafin a rufe da kara, shi ne ya fi dacewa. Bishiyar gawo tana yin wannan aiki da kanta, tunda a farkon damina take zubar da ganyenta mai naitirojin, daidai lokacin da shuka ke bukata, ga shi kuma ba ta yi mata inuwa.

Lissafi zai nuna iyakar abin da za a sa rai da shi. Tan ɗaya na karan masara yana ɗauke da kimanin kilo 6 zuwa 8 na naitirojin da fiye da kilo 10 na fotashiyam. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin. Ke nan tan 3 na kara yana da kwatankwacin buhu ɗaya, sai dai ba a damina ɗaya zai sake shi ba. Fosfaras ɗin da ke cikin kara kuwa kaɗan ne ƙwarai, alhali ƙasar yankin tana ƙarancinsa. Lulluɓi ba ya maye gurbin takin zamani. Abin da yake yi shi ne sa ƙasa ta riƙe takin, shuka ta ci moriyarsa.

Abin da shekaru ke kawowa

Ɗan kason da bai tafi iska ba yana zama baƙin abu mai laushi da ke manne wa yumɓu. Shi da zaren funfuna da majinar tana suna haɗa ƙurar ƙasa ta zama ƙananan dunƙule masu jure ruwa. Ƙasa mai irin wannan dunƙule tana shan ruwa da sauri, tana riƙe shi, fartanya kuma tana shiga ba wuya. Wannan sauyi yana fara bayyana ne a 'yan yatsu kaɗan na sama bayan damina uku zuwa biyar na lulluɓi a jere, sannan ya riƙa gangarawa a hankali.

A Samaru akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, inda ake noma fegi-fegi, wasu da kashin shanu, wasu da takin zamani, wasu da duka biyun, wasu kuma ba komai. Abin da shekaru suka nuna shi ne, noma ba hutu yana rage ruɓaɓɓen tsiro a ƙasa, takin naitirojin shi kaɗai yana sa ta tsami, fegin da ake mayar wa da kashin shanu tare da takin zamani kuma shi ya fi riƙe ƙarfinsa. A Sadore, kudu da Yamai, inda cibiyar ICRISAT ke bincike tun shekarun 1980, an ga cewa barin karan gero a gona yana ƙara amfani, yana rage tsamin ƙasa, yana kuma tare ƙurar da iska ke ɗaukowa. Wannan na ƙarshe ya shafi arewacin Kaduna ma, domin ƙurar hunturu tana ɗauke da fotashiyam da kalsiyam, kuma gonar da ke da rufi ta fi kama ta.

Hatta fako, wanda ya yi tauri har ciyawa ba ta fita, yakan farfaɗo ta wannan hanya. A arewacin Burkina Faso an gwada shimfiɗa kara da reshe a kan irin wannan ƙasa, gara ta zo ta huhhuda ɓawon, ruwa ya samu hanya, tsiro ya dawo. Dabarar haƙa ƙananan ramuka a zuba taki, wadda marigayi Yacouba Sawadogo ya shahara da ita a can, kuma manoman jihar Tawa a Nijar ke kira tassa, ita ma da taimakon gara take aiki.

Ƙonawa

Wuta tana yin cikin awa guda abin da ruɓewa ke yi cikin shekara, amma da babbar asara. Kusan dukkan kabon da naitirojin da salfa suna tafiya cikin hayaƙi. Tokar tana riƙe fotashiyam da kalsiyam, shi ya sa inda aka ƙona tarin shara shuka kan yi kore shar a shekarar, har a ɗauka wutar ce ta gyara wurin. Amma toka ba ta rufe ƙasa, ba ta ciyar da tana, kuma guguwar bazara da ruwan fari suna kwashe ta.

Wannan ya fi shafar manoman rake na Makarfi da Kudan, domin rake yana barin busasshen ganye mai yawa bayan sara. A Kwinsilan ta ƙasar Ostareliya manoma da yawa sun daina ƙona shi tun shekarun 1980, suna barin sa shimfiɗe a gona, inda yake riƙe danshi ya danne ciyawa. Sai dai a fadamar da ruwa ke kwanciya, shimfiɗa mai kauri takan jinkirta tohon gyauro ta kuma ruɓar da gindi. A irin wannan wuri ana janye ganyen daga kan layin rake a jera shi a tsakanin layuka, ko a kai shi lambun tumatir da barkono da ke tudu.

Illolin da za a kiyaye

Tsutsar da ke huda karan dawa da masara tana yin rani ne a cikin busasshen kara, ta fito ta zama malam-buɗe-littafin dare da farkon damina. Karan da aka tsayar a tari cikin inuwa shi ya fi raya ta. Wanda aka shimfiɗa a kwance a rana, ba a jibge ba, zafi yakan kashe mafi yawanta. Ragowar tumatir ba a lulluɓa ta a lambun tumatir, musamman tun annobar tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a 2016. Irin wannan ragowa ƙonawa ko binnewa mai zurfi ya dace da ita. Haka ƙuduji da ya yi fure, da duk ciyawar da ta riga ta yi ƙwaya.

Lulluɓin da ya manne da jikin shuka yana riƙe laima a wuyanta ya jawo ruɓewar gindi, don haka ana barin tazarar yatsu huɗu. A fangalin reno ana ɗage ciyawa da zarar iri ya hudo, in ba haka ba ya yi tsawo ya yi rauni. Kaurin da ya isa a lambu shi ne santimita 5 zuwa 8. Wanda ya wuce haka yakan shanye yayyafi kafin ya kai ƙasa, ya kuma zama maɓoyar ɓera da kunama da maciji. Game da gara, ta fi son busasshen abu da shukar da fari ya raunana, saboda haka ana ci gaba da ƙara lulluɓi in ya yi kaɗan, kuma ba a jibge shi a gindin ƙananan itatuwa. Lulluɓin leda da wasu masu lambu suka fara amfani da shi yana riƙe danshi yana hana ciyawa, amma ba ya ruɓewa, ba ya ƙara wa ƙasa komai, kuma gutsattsarinsa yana zama a cikinta in ba a kwashe ba.

Rabon kara da tsarin shekara

Babban abin da ke hana lulluɓi a wannan yanki shi ne kara yana da masu nema da yawa. Karan dawa ana danga da rufi da girki da shi. Harawa kuɗi ce a kasuwa, kuma ita ke riƙe shanun huɗa da tumakin kiwo har ƙarshen rani. Abin da aka bari a gona garken makiyaya na kiwonsa bayan kaka. Waɗannan bukatu na gaskiya ne, kuma ba a ce manomi ya bar dabbarsa da yunwa don ƙasa. Abin da ya fi dacewa shi ne rabo: harawa da ganyen kara su tafi ga dabbobi, takinsu ya dawo gona. Gindin kara, totuwa, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa da karan waken soya da ake ƙonawa a masussuka, waɗanda dabba ba ta cika so ba, su zama lulluɓi. Ganyen darbejiya da na mangwaro da ake sharewa a gida ma suna shiga.

Da yake abin ba ya isar dukkan gona, ana farawa da inda ya fi biya: lambu, gindin itatuwa, gangare, da wuraren da suka fara zama fako. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun lokacin kaka ake tara kayan a inda wuta da dabba ba za su kai ba. A gonar kunya, dogon kara yana sarƙe garmar shanu, saboda haka ana sassara shi a shimfiɗa a kwarin kunya bayan huɗar ƙarshe. A lambu ana shimfiɗawa bayan dashe ya kama, an cire ciyawa, an yi ban ruwa ƙasa ta jiƙu, domin lulluɓin da aka sa a kan busasshiyar ƙasa bushewar yake tsarewa. In ya ragu har ƙasa ta fara bayyana sai a ƙara.

A shekarar farko abin da za a gani shi ne danshi da raguwar ciyawa da zaizaya. A ta biyu da ta uku tana za ta yawaita, ɓawon sama ya ragu. Duhun ƙasa da ƙarfin riƙe taki sai bayan haka. In aka daina, ruɓewa ba ta dainawa: halittun ƙasa za su ci gaba da cin abin da aka tara, cikin 'yan damina kaɗan gonar ta koma yadda take. Saboda haka ake sa lulluɓi cikin ayyukan kowace shekara, tare da sharar gona da kai taki da huɗa.